Yaranmu na ja da baya daga karatun lauya, ƙauyukanmu kuwa ba su da mai tsaya musu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ke ƙara bayyana a nan Sakkwato, wato sanyin gwiwar da yaranmu ke yi game da karatun lauya, da halin da waɗanda suka gama shi ke shiga.

Aikin kotu na yi har na yi ritaya, a matsayin magatakarda, shi ya sa duk lokacin cike fom ɗin JAMB ba na rasa iyayen da ke zuwa neman shawara. A da, yaron da ya fi kowa baki da kaifin ƙwaƙwalwa a ajin adabi, tun yana sakandare ake kiransa Barista. Yanzu irin wannan yaro kwamfuta yake so, yarinya kuma aikin jinya. Ba wai tsangayar shari'a ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta rasa masu nema ba ne. Gurbin ƙayyadadde ne, Majalisar Kula da Ilimin Shari'a ce ke yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, kuma ba ya kwantai. Abin da ya canza shi ne waɗanda ke nema, da abin da suke yi da takardar bayan sun samu. Da yawa suna karɓar ta ne su nufi banki, ko kwastan, ko ƙungiyoyin agaji. Ƙafarsu ba ta sake taka kotu.

Ban ga laifinsu ba, domin lissafi suka yi. Shekara biyar a jami'a, in ba a yi yajin aiki ba, ga shi kuwa na ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. Sai shekara ɗaya a Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda ba ta da reshe a Sakkwato. Hedikwatarta na Bwari a Abuja, rassanta na Legas, Inugu, Yenaguwa, Fatakwal, Yola da Bagauda ta jihar Kano, kuma ba lalle a tura yaro Bagauda ba don ita ce kusa da gida. Uba zai nemo kuɗin makaranta, da na mota, da na baƙaƙen kaya, da na hula da riga na ranar rantsarwa. Sannan shekara ɗaya ta yi wa ƙasa hidima. Shekara bakwai ke nan a mafi ƙaranci. Abokinsa da ya shiga kasuwa bayan sakandare ya riga ya buɗe shago ya yi aure.

To bayan duk wannan, me ke jiransa? Zai shiga ofishin wani babban lauya ya riƙa ɗaukar masa jaka, yana rubuta takardun ƙara, yana zuwa kotu neman a ɗage shari'a. Wannan ba aibi ba ne, haka ake koyon aikin. Aibin yana wajen biya. Na san samarin da ba su da albashi tsayayye, sai abin da maigida ya miƙo na man babur ranar da aka je kotu. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ofishin lauyoyi nawa ne kuwa a Sakkwato ke da mutum 25? Ga shi ƙa'idojin sana'ar sun hana lauya mai zuwa kotu ya haɗa da saye da sayarwa ko dillanci, sun kuma hana shi bin mutane yana tallar kansa. A garin da kusan kowane ma'aikaci ke da 'yar sana'ar da yake rufa wa albashi asiri, shi an ɗaure masa hannu. Da ma'aikatan kotu suka yi yajin aiki na sama da wata biyu a 2021, manyan lauyoyi sun jure, ƙanana kuwa bashi suka ci.

Amurka ma ta taɓa ganin irin wannan. Bayan karayar tattalin arziki ta 2008 manyan ofisoshi suka rage ɗaukar sababbin lauyoyi, ɗalibai kuma ga bashin karatu a wuya, sai masu shiga ajin farko na karatun lauya suka ragu daga kimanin 52,000 a 2010 zuwa ƙasa da 38,000 a 2014. Sai dai su lauyoyin ne suka yi wa kasuwa yawa. Mu nan, in ka fita daga cikin birni, ciwonmu daban ne.

Jihar nan ƙananan hukumomi 23 gare ta. Ofisoshin lauyoyi kusan duka suna cikin birnin Sakkwato, inda Babbar Kotun Jiha da ta Tarayya da Kotun Ɗaukaka Ƙara suke. Mutumin Gudu ko Kebbe ko Isa da aka kama ɗansa, sai ya sayar da akuya ya shigo birni, ya biya kuɗin motar lauya zuwa da dawowa, kafin a zo ga kuɗin aiki. Mafi yawa ba sa iyawa. Sai yaro ya zauna gidan yari yana jiran shari'a a kan laifin da beli ya halatta a kansa, don kawai babu wanda zai rubuta takardar neman belin. Hukumar da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta tana nan tun 1976, amma lauyoyinta ba za su iya zagaye jihar ba. Rigingimun gona, da rabon gado, da haƙƙin zawarawa da marayu, da ciyar da yara bayan saki, su ne suka cika kotunan shari'ar Musulunci na ƙauyuka, kuma sau da yawa mace ita kaɗai take tsayawa gaban alƙali, ba ta san abin da fikihun Malikiyya ya ba ta ba. Aiki na nan jibge. Mai biya ne babu.

Mu jama'a ma muna da namu kason. Mutum zai sayi fili na miliyoyi, ya ba dillali la'adarsa ba gardama, amma da an ce a kira lauya ya binciki takardun ya rubuta yarjejeniya, sai ka ji: “Mi ya kawo lauya cikin maganag ga? Ai ga shaidu.” Bayan shekara biyu sai wani ya fito da tasa takardar a kan filin nan, a lokacin ne za a nemi lauya, a kuma biya ninkin abin da aka guda. An fitar da dokar da ta tsara kuɗin aikin lauyoyi a 2023, amma lauyan da bai ci abinci ba, rabin kuɗin zai karɓa ya yi shiru. Har yanzu kuma akwai dattawan da ke ganin aikin lauya kare ƙarya ne, duk da cewa malamanmu na fikihu sun halatta mutum ya wakilta wani ya yi masa husuma gaban alƙali.

Abin da ya fi tayar mini da hankali gobe ce. Tsarin mulki na 1999 ya ce sai lauya ya shekara goma da rantsarwa kafin ya zama alƙalin Babbar Kotu. Ƙadin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ma shekara goma ake nema, tare da shaidar ilimin shari'ar Musulunci. Yaran da ke barin aikin yau a shekararsu ta biyu, su ne ya kamata a zaɓi alƙalai daga cikinsu nan gaba. In masu hazaƙar duk sun tafi, daga cikin waɗanda suka rage za a zaɓa.

Roƙona uku ne, kuma babu wanda ke bukatar sabon gini. Reshen Sakkwato na Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ya tsayar da mafi ƙarancin abin da za a biya ƙaramin lauya a wata, ya sanar da shi kowa ya ji, manyan da suka sha wuya a zamaninsu su daina mayar da ita gado. Ma'aikatar Shari'a ta jiha, tare da shugabannin ƙananan hukumomi, ta ɗauki lauya ko da ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, a ba shi ɗaki a sakatariya, talaka ya same shi ba sai ya zo birni ba. Albashinsa bai kai abin da ake kashewa a taron siyasa guda ba. Na uku kuma doka ta riga ta tanada: Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce kowane babban ofishin 'yan sanda na yanki ya kasance da aƙalla jami'i ɗaya wanda lauya ne. Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka ya zagaya ofisoshin da ke jihar nan, daga Illela har Tambuwal, ya ƙirga mana nawa ne ke da shi, a buga mu gani.

Wassalam.

Naka,
Tsohon magatakardan kotu,
Mabera, Sakkwato.