Rahoton ayyukan shekarar 2025: gwajin manhajojin tsakani da sauran abin da ƙungiya ta yi

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata da sauran 'yan uwa masu aikin kwamfuta da sadarwa na zangunan Kumasi, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Kamar yadda aka saba sakatare ne ke rubuta wannan rahoto, lissafin kuɗi kuwa yana hannun ma'aji, shi zai karanta da bakinsa ranar babban taro, kar kowa ya neme shi a nan.

Ayyukan da muka saba an yi su alhamdulillahi. Ajin yara na ranar Asabar a Aboabo bai tsaya ba sai lokacin azumi, 'yan mata sun ƙaru sosai bana, kuma ɗalibanmu da ke karatu a jami'ar KNUST sun riƙa shigowa trotro suna koyar da yaren kwamfuta na Python kyauta, Allah ya saka musu. Mun je ta'aziyya, mun je suna, an gyara rufin ofis da ke yoyo. Amma abin da ya ci mana shekarar nan shi ne aikin da babban taro ya ɗora wa kwamitin fasaha, wato a gwada manhajojin tsakani a gaya mana wacce za mu ɗora tsarin biyan kuɗin wata da aika sanarwa a kanta, kuma yaranmu masu neman aiki a kamfanonin sadarwa su san abin da za su tarar can.

Ga waɗanda ba layinsu ba ne, bari in ɗan yi bayani. Idan ka danna *170# a wayarka, wato abin da ake kira USSD, za ka tura kuɗi, ba na'ura ɗaya ke yin aikin ba. Akwai wadda ke karɓar dannawar, akwai wadda ke riƙe da asusunka, akwai wadda ke aiko maka da tes cewa kuɗi ya fita, in kuma wani layi daban za ka tura wa to sai an bi ta GhIPSS, kamfanin tsarin biyan kuɗi na Babban Bankin Gana, wanda tun watan Mayun 2018 ya haɗa kamfanonin. Waɗannan na'urori kamfanoni daban daban suka ƙera su, da yaren kwamfuta daban daban, wasu sun girmi yaran ajinmu. Manhajar tsakani ita ce ke zaune a tsakiyarsu tana kai saƙo tana kawowa, kamar dillalin goro ne, mai kaya bai san mai saye ba amma ciniki yana faɗawa, kuma in aka samu gardama shi ake tambaya wa ya ce me.

Wani dattijonmu da ya yi aikin sadarwa tun zamanin Ghana Telecom shi ya buɗe mana da tarihi, kuma gaskiya zaman ya yi daɗi. A cikin tsofaffin manhajojin tsakani, CORBA ta fito 1991 daga ƙungiyar OMG, kamfanonin waya sun yi amfani da ita sosai wajen kula da na'urorinsu, sai Microsoft ta kawo DCOM a 1996, Java RMI ta biyo a 1997. A lokacin kowa gani yake an gama magana. Yau fa? Yaren kwamfuta na Java da kansa ya cire CORBA daga cikinsa a 2018. Baba ya ce duk wanda zai zaɓi irin wannan abu ya tambayi kansa wa zai iya gyara shi nan da shekara goma, ba wai wanne ake yayi ba.

Uku muka ɗauka muka gwada, gRPC na Google da ya fito 2015, da RabbitMQ ta 2007 wadda aka rubuta da Erlang, yaren da Ericsson ya ƙirƙira musamman don na'urorin haɗa kiran waya, sai Kafka da LinkedIn ta saki a 2011. Kayan gwajinmu tsofaffin laftof ne na 'yan ƙungiya da desktof ɗin ofis da rauta ɗaya, aka rubuta ɗan shiri da ke kwaikwayon mutane masu yawa suna biyan kuɗi lokaci guda. Wajen gudu duk ukun sun fi ƙarfin buƙatarmu nesa ba kusa ba, laftof ɗin ne ma suke fara gajiya, fanka tana kuka, don haka ba mu ɓata lokaci a kan wanne ya fi sauri ba.

Inda aikin ya yi ma'ana shi ne da aka fara zare waya ana cikin aiki. Ana tsaka da tura saƙonni sai shugaban kwamiti ya miƙa hannu ya fizge wayar desktof daga soket, a jira kaɗan, a mayar, sannan kowa ya matso gaban allo a ƙirga me ya ɓace me ya maimaitu. gRPC kira ne kai tsaye, in ɗaya ɓangaren ya mutu kiran ya faɗi kenan, kuma in mai rubuta shirin bai sa masa wa'adi ba zai iya zama yana jira har illa masha Allahu, alhali mai danna USSD ba ya jira, zaman nasa yankewa yake. RabbitMQ kuwa tana ajiye saƙo a layi har mai karɓa ya dawo, amma fa sai ka gaya mata layin ya zama mai ɗorewa kuma saƙon a rubuta shi a faifai, in ba haka ba da ta tashi za ka tarar wayam. Sannan ga babbar matsalar, mai karɓa ya cire kuɗi a asusu, kafin ya ce mata na gama sai wuta ta ɗauke, ita kuma tunda ba ta ji amsa ba sai ta sake miƙa saƙon. A kan allo muka ga lambar gwaji ɗaya an cire mata kuɗin wata sau biyu, jere, layi a kan layi. Wata 'yar uwarmu mai kiyos ɗin tura kuɗi a wajen Kejetia ta ce ita ba ta san sunan waɗannan abubuwa ba amma ta san fuskar kwastoman da aka yi wa haka.

Kafka daban take, ita rubutawa take a jere a faifai ta ajiye, in ba ka canza ba kwana 7 take riƙewa, don haka ko mai karɓa ya mutu zai dawo ya ɗora daga inda ya tsaya, ko ma ya koma baya ya sake karantawa. Shi ya sa ta dace da tara bayanan kira da na data da ake yin bil da su. Amma tana raba saƙonni kashi kashi, kuma jerin nan a cikin kashi ɗaya kawai take tabbatar da shi, sai ka sa lambar waya ta zama mabuɗi don duk cinikin mutum ɗaya ya bi kashi guda, in ba haka ba cirewa na iya riga sakawa isowa. Kuma tana son saba, wato kwamfutar da tsarin ke zaune a kai, aƙalla uku in ana son kwanciyar hankali, da wanda zai zauna ya kula da ita. Sigar 4.0 da ta fito watan Maris na bana ta rabu da ZooKeeper, wata manhajar da a da sai an haɗa ta da ita, an rage kaya ɗaya, amma har yanzu ba ta talaka ba ce. Maimaita saƙo kuma ita ma tana yi in ba a shirya mata da kyau ba. Maganin dai ɗaya ne a duk ukun, kowane ciniki a ba shi lambarsa ta shaida, mai cire kuɗi ya duba ko ya taɓa ganin lambar kafin ya taɓa asusun mutum.

An yi gardama sosai a nan, matasa suna son Kafka saboda tana yin kyau a takardar neman aiki. Ni dai ra'ayina, kuma shi kwamiti ya tsaya a kai, kuɗin wata na 'yan ƙungiya ba wajen koyon tuƙi ba ne. RabbitMQ za mu ɗauka da lambar shaidar nan, Kafka kuma a ci gaba da koyar da ita a aji. Su ma masu neman aikin su sani tsohon tsarin waya da SS7 yake magana, 4G da Diameter, amma cibiyar 5G da HTTP/2 da JSON take aiki, wato wanda ya iya aikin intanet da kyau ƙofa ta buɗe masa.

Kamfanonin sadarwa suna maganar kashi 99.999 cikin ɗari, ma'ana tsari kar ya tsaya fiye da minti 5 da 'yan daƙiƙu a shekara gaba ɗaya. Mu da dumso ɗinmu, wato ɗauke wutar lantarki, ba ma wannan mafarkin. Amma kowa ya tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala rana ɗaya intanet ta kwanta a Gana. Saboda haka kwamiti ya ce ko da za mu yi hayar saba a Turai, dole kwafi ɗaya ya zauna a cikin ƙasa.

Wani abu da ya shafe mu mu Hausawa kai tsaye. Tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ ko da guda ɗaya ne sai ya koma 70, domin ba sa cikin haruffan GSM na asali. Sanarwar rasuwa da za ta tafi a tes ɗaya sai ta zama uku, kuɗi ninki uku. An yarda sanarwar tes a rubuta ta ba lanƙwasa, ta WhatsApp kuma a rubuta daidai.

Abin da ya rage wa baɗi, maganar gajeriyar lambar USSD, ko mu nema ta hannun NCA, hukumar sadarwa ta ƙasa, ko mu yi haya wajen kamfanonin da ke haɗa irin wannan, kwamiti zai kawo farashin biyun a sidi. Kuma tunda za mu riƙe lambobin mutane sai mun yi rajista da hukumar kare bayanai kamar yadda dokar 2012 ta ce. Muna neman mutum biyu da za su karɓi kula da sabar, mace ɗaya namiji ɗaya in da hali. Wanda ya ara mana laftof ya zo ofis ya karɓi kayansa an goge komai, wanda ya tafi da cajar desktof kuma don Allah ya dawo da ita kafin taro. Wassalam.

Sakatare