Kujera ta biyu a Red Bull: an bar jaki ana dukan taiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in tofa albarkacin bakina a kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun Hausawan Jidda masu bin tseren motoci na Formula 1, musamman direbobi da makanikai, waɗanda suka ƙara ƙulla ƙauna da wasan tun da aka kawo shi bakin teku a Kurnish cikin Disambar 2021. Tambayar ita ce: me ya sa duk direban da ƙungiyar Red Bull ta zaunar a motarta ta biyu kusa da gwarzonta Max Verstappen yake komawa kamar ɗan koyo? Akasarin 'yan'uwa suna cewa yaran ne ba su iya ba. Ni kuwa ina ɗora laifin a wuyan masu tafiyar da ƙungiyar, kuma ga hujjata.

Tun da Daniel Ricciardo ya tafi a ƙarshen 2018 kujerar nan take cin mutane. Pierre Gasly ya yi tsere 12 aka sauke shi a Agustan 2019. Alex Albon ya kai ƙarshen 2020. Sergio Perez ya yi shekara huɗu, aka sabunta masa kwantiragi a Yunin 2024, aka sallame shi a Disambar shekarar. Liam Lawson tsere biyu kacal aka ba shi a 2025 kafin a kawo Yuki Tsunoda. To, Gaslyn da aka ce bai iya ba shi ne ya ci tseren Monza a 2020 da motar ƙaramar ƙungiyarsu, Albon kuma ya zama ginshiƙin ƙungiyar Williams. Mutum biyar ba za su manta tuƙi a gareji ɗaya ba sai da dalili.

Dalili na farko yana jikin motar. Verstappen yana son mota mai kaifin gaba, wadda da zarar ya taɓa sitiyari hancinta ya nutsa cikin kwana, ko da bayanta yana rawa. Ana samun haka ne ta hanyar ƙara wa fukafukin gaba kusurwa domin iska ta fi danna tayoyin gaba. Kuɗin da ake biya shi ne, lokacin da direba yake sassauta birki yana shiga kwana, nauyi ya koma gaba, tayoyin baya sun yi sauƙi, sai su nemi zamewa. Shi Verstappen yana jin zamewar tun kafin ta girma, ya gyara da ɗan motsin hannu da totur. Wanda bai saba ba sai ya taka birki da wuri don tsoro, ya yi asarar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a wannan kwanar da waccan. A hanyar Jidda mai tsawon kilomita 6.174 da kwana 27, ga katanga dab da taya, irin wannan ɗari-ɗarin yana iya taruwa ya haura rabin daƙiƙa a zagaye guda, wanda a zamanin nan ya isa ya jefa mutum daga layin gaba zuwa can tsakiya. Idan kuma wanda bai saban ba ya ce a kwantar masa da bayan motar, sai gaba ya ƙi juyawa, tayoyin gaba su yi ta gogar kwalta suna zafi, roba ta ƙare kafin lokacin canji. Gaba kura, baya sayaki.

A gwada wannan da abin da ya faru a nan garin cikin Maris 2024. Ciwon afendis ya kwantar da Carlos Sainz, Ferrari ta ɗauko Oliver Bearman ɗan shekara 18, ya yi atisaye na awa ɗaya tak, ya tashi daga gurbi na 11 ya gama na 7. Ba na rage wa yaron komai, amma motar da ta karɓi baƙo haka mota ce mai haƙuri, kuma injiniyoyi ne suke gina haƙurin nan da gangan.

Dalili na biyu shi ne rowar lokaci. Gwajin share fagen kakar 2025 a Bahrain kwana uku ne, mota ɗaya ga kowace ƙungiya, wato kwana ɗaya da rabi ga kowane direba. Lawson ya zo da tsere 11 kawai a tarihinsa. Bai taɓa tsere a hanyar Melbourne ba, ga shi an yi ruwan sama ranar. Bai taɓa yi a Shanghai ba, kuma makon gajeren tsere ne, inda atisaye awa ɗaya ne maimakon uku. Sai aka cire shi dab da zuwa Suzuka, hanyar da ya sani sarai domin ya yi gasar Super Formula ta Japan a 2023 har ya zo na biyu. Idan tsere biyu sun isa a yanke masa hukunci, to tun farko zaɓen nasa ne kuskure, kuma waɗanda suka zaɓe shi a kan Tsunoda mai shekara huɗu a gasar su ya kamata su amsa tambaya. Tsunodan ma an jefa shi cikin motar ne ana tsakar kaka ba tare da gwajin Bahrain a cikinta ba. Ga kuma Sainz, wanda a makarantar Red Bull ya tashi, yana neman wurin zama a 2024 aka ƙyale shi ya tafi Williams.

Masu kare shugabannin suna kawo misalin 2016, lokacin da aka sauke Daniil Kvyat bayan tsere huɗu aka ɗora Verstappen, ya kuma ci tserensa na farko a Sifaniya. Gaskiya ne, kuma ba na musun cewa Verstappen ya fi duk waɗanda aka haɗa shi da su. Sai dai wannan cacar da ta ci sau ɗaya ita ta koya wa shugaban ƙungiyar na lokacin, Christian Horner, da mai ba ta shawara Helmut Marko cewa canjin gaggawa magani ne, alhali irin Verstappen ba a samunsa kowace shekara.

Ga abin da hakan ya jawo. A 2024 Verstappen ya tara maki 437, Perez 152, ƙungiyar ta faɗo ta uku bayan McLaren da Ferrari duk da direbanta ne zakara. A 2025 cikin makin ƙungiyar 451, nasa ne 421, kuma maki biyu kacal suka raba shi da Lando Norris na McLaren, wanda ya zama zakara. Wanda ya san dabarar canjin taya ya san darajar waɗannan maki biyu. Shiga gareji da fitowa yana cin kimanin daƙiƙa 20. Idan abokin tafiyarka yana cikin wannan tazarar a bayan abokin hamayya, to shi abokin hamayyar ba zai shiga canji da wuri ba, don zai fito a bayansa a tare shi sabuwar tayarsa tana lalacewa a banza. Haka Perez ya tare Lewis Hamilton, abokin hamayyar Verstappen, a Abu Dhabi a 2021. Idan kuwa abokin tafiyar yana can na goma sha, McLaren sai ta raba motocinta biyu, ɗaya ta canza da wuri, ɗaya ta daɗe, dole Verstappen ya bi guda ya saki guda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu Horner ya tafi tun Yulin 2025, Marko ya bi bayansa, tsohon babban mai zana motarsu Adrian Newey yana ƙungiyar Aston Martin, ragama tana hannun Laurent Mekies, an kuma ba Isack Hadjar kujerar a 2026, shekarar da dokokin mota suka canza kuma ƙungiyar ta fara amfani da injin da ta ƙera da kanta tare da Ford. Hadjar ya nuna ƙwazo da ya zo na uku a tseren Zandvoort na Holan a 2025. Abin da nake so in gani shi ne a sanar a fili cewa kaka guda cif tasa ce, a riƙa auna shi da tazarar daƙiƙa tsakaninsa da Verstappen a kan taya iri ɗaya da nauyin mai ɗaya, maimakon matsayin da ya gama. A ba shi sababbin kayan mota rana ɗaya da Verstappen, domin idan ƙasan motarsu ya bambanta babu kwatancin da zai yi adalci. A ba shi isasshen lokaci a na'urar kwaikwayon tuƙi da ke hedikwatar ƙungiyar a Milton Keynes ta Ingila, injiniyansa ya gina masa saiti nasa na kansa ko da ya saɓa wa na ɗaya garejin. Kuma idan ya ce bayan motar yana gudu masa a shigar kwana, a rubuta maganar a kai wa masu zana mota kafin su ƙera fukafuki na gaba.

Wassalam.

Mai karanta jaridarka,
daga Jidda, Saudiyya