Rahoton ayyukan shekarar 2025 ga 'yan uwa alƙalan wasannin ƙwallon ƙafa na unguwanni na Jos

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, manyanmu da suka ajiye usur amma ba su daina zuwa fili ba, da sauran 'yan uwa, ga bayanin abin da muka yi a bana daga ofishin sakatare.

Wasanni sun gudana a filayen makarantu da na unguwanni, daga Gangare zuwa Unguwar Rogo da Rikkos, kuma babu wasan da aka fasa don rashin alƙali. Damina ta taɓa jadawalin Agusta, an daidaita daga baya. Wasu daga cikin matasanmu sun je filin Rwang Pam sun zauna kallon manyan alƙalai suna aiki, da takarda da biro a hannu.

Inda muka fi zuba ƙarfi shi ne bitar wata-wata, kuma kusan dukkanta ta tafi a kan yadda ake dawo da wasa bayan ƙwallo ta fita ko an yi laifi. Dalili kuwa rahotannin masu sa ido ne: yawancin rigimar da ke tashi a filayenmu a kan jifa da bugun tazara take farawa, fanareti ma bai kai su ba.

Mun koma wa Doka ta 15, wato dokar jifa, layi-layi. Jifa da hannu biyu, daga bayan kai ta saman kai, ƙafafu biyu a kan layi ko a wajensa, daga inda ƙwallo ta fita. Abokan karawa su ja baya mita 2. Ba a cin ƙwallo kai tsaye daga jifa, kuma babu satar gida ga wanda aka jefa wa. Abin da ya ba da mamaki shi ne da yawanmu na hura usur kafin a yi jifa, alhali doka ba ta nemi haka ba, sai in an tsayar da wasa don kati, rauni ko canji. Ɗan wasa ya ɗauki ƙwallo, ya hango ɗan uwansa shi kaɗai a gefe, sai rafali ya ɗaga masa hannu wai ya jira. Kafin ya sauke hannun, 'yan baya sun koma sun cike gurbi. A ganina wannan tauye haƙƙi ne, kuma kwamitin horo ya yarda da haka. Aikinmu mu duba wuri da yadda aka jefa. Wanda ya saci taku ya matsa gaba, a nuna masa wurin tun kafin ya jefa; in ya jefa ba daidai ba, jifa ta koma ɗaya ɓangaren.

Haka bugun tazara na gaggawa. Tazarar mita 9.15 tana nan, amma in mai bugu ya zaɓi ya buga da sauri, ɗan ɗaya ɓangaren da bai gama ja da baya ba ya tare, wasa ya ci gaba. Wanda ya tsaya a gaban ƙwallo da gangan kuwa, katin gargaɗi ne. Tun 2019 ma alƙali na iya jinkirta kati in an buga da sauri aka samu damar cin ƙwallo ƙarara, muddin bai fara shirin ba da katin ba. Don ganin amfanin sauri, mun kalli kwanar da Trent Alexander-Arnold ya buga wa Origi a wasan da Liverpool ta ci Barcelona 4-0 a Mayun 2019. 'Yan Barcelona da ke cikinmu sun nemi a kashe bidiyon, ba a kashe ba.

Sabon abu na bana shi ne dokar gola. A taronta na Maris 2025 a Belfast, hukumar IFAB mai tsara dokokin wasa ta mayar da lokacin da gola zai iya riƙe ƙwallo a hannu daga daƙiƙa 6 zuwa 8, hukuncin wuce haka kuma ya zama bugun kwana ga abokan karawa. Alƙali zai ɗaga hannu ya ƙirga biyar na ƙarshe da yatsu. Mun gwada a fili, kowa ya tsaya da hannu a sama, wani dattijonmu riƙe da agogo. Wasu sun gama ƙirga kamar masu gudun ruwan sama, wasu kuma sun ja har gola ya gaji da riƙo. Har yanzu da sauran aiki a nan, musamman wajen fahimtar da masu horarwa, don a wani wasa an kewaye alƙalinmu ana cewa shi ya ƙirƙiro dokar.

Matsalar da ba mu warware ba ita ce ta ƙwallaye. A fili mai ƙwallo ɗaya, da ta tsallake katanga maganar sauri ta ƙare. Inda akwai biyu kuma, yara na jefo ta biyun ana tsakar wasa. Mun amince: in ba ta shafi wasa ba, a fitar da ita kawai ba tare da tsayarwa ba. Mun kuma rubuta wa masu shirya gasanni su tanadi ƙwallaye da yaran ɗauko su.

Ta fuskar walwala, mun je gaisuwar rashi da dubiya, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiya sauƙi. An sayi tutoci da katuna sabbi. Ma'aji zai karanta lissafi da kansa, amma ya ce in tuna wa masu bashin kuɗin wata cewa gwajin gudu na farkon shekara sai da rasit. Za a sanar da ranar a zaurenmu na WhatsApp.

Sakatare