In motar kwasa ta zo, wa zai hau ya bar iyalinsa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da yadda ake kwaso mutanenmu in ƙasar da suke zaune ta rikice, don na lura duk sanda aka tashi maganar sai a tsaya kan ɗalibai kamar su kaɗai ne a can. Ɗalibai 'ya'yanmu ne ba wanda ya ce kar a kwaso su, amma ɗalibi jakarsa ɗaya ce da fasfo a aljihu. Magidancin da ya yi shekara da shekaru yana neman abinci a ƙasar fa, ga mata ga yara ga shago ga bashin da yake bin mutane?

A duba abin da ya faru a Sudan. Ranar 15 ga Afrilu 2023, ana goman ƙarshe na azumi, sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun rundunar ɗaukin gaggawa ta RSF ƙarƙashin Hemedti suka buɗe wa juna wuta a tsakiyar Khartoum, tun ranar farko filin jirgi ya tashi daga aiki har da jiragen da suka ƙone a inda aka ajiye su. Bayan sati guda Amurka ta aiko jirage masu saukar ungulu cikin dare ta ɗauke ma'aikatan ofishin jakadancinta, Faransa da Ingila suka riƙa jigilar nasu daga sansanin Wadi Seidna, Saudiyya kuma ta ruwa, daga Port Sudan zuwa Jidda. Mu kuwa aka ce an yi hayar bas 40 a kan dala miliyan 1.2, kowa ya hallara a Jami'ar Afirka da ke Khartoum. Sauran labarin duk mun gan shi a Facebook, direbobi sun tsaya a tsakiyar sahara sun ce ba inda za su sai an cika musu kuɗinsu, 'yan mata suna kuka a bidiyo ba ruwa ba abinci, da aka isa iyakar Argeen kuma Masar ta ƙi buɗe ƙofa, kwana da kwanaki mutane na kwance a ƙasa sai da Buhari ya yi magana da shugaban Masar Sisi sannan aka bari suka wuce Aswan. Rukunin farko, mutum 376, sai daren 3 ga Mayu suka sauka Abuja.

To ga inda nake so a tsaya a yi tunani. Da farko mutum 5,500 aka ce za a kwaso, da aka gama jigila adadin da aka sanar 2,518 ne. Sauran fa? Kuma shi kansa 5,500 ɗin mafi yawa ɗalibai ne, wallahi duk wanda ya san Omdurman, birnin da ke tsallaken kogi da Khartoum, ya san 'yan ƙasarmu da ke ɗinki da fawa da dako da ƙananan sana'o'i a can ba su cikin wannan lissafin.

Ƙanin mahaifina yana cikinsu. Tela ne, jallabiya yake ɗinkawa, ya tafi da niyyar wucewa Makka tun yana saurayi sai zama ya kama shi. Matarsa Bahaushiya ce amma 'yar Sudan, 'yar Mai Wurno, garin nan na bakin kogin Nilu kusa da Sennar da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan an kashe shi a Burmi a 1903. Hausarta ta fi tawa tsafta amma a takarda ba 'yar Najeriya ba ce. Yaransu duk can aka haife su, takardar haihuwarsu da Larabci take, ba wanda ya taɓa riƙe koren fasfo, fasfon Baffan ma ya daɗe da mutuwa a ƙasan akwati. Da muka same shi a waya muna ta cewa Baffa ga mota an kawo ka yi maza, sai ya ce to in na hau su kuma in bar wa wa? Masu fasfo mai rai ma an tsare su a boda, ina ga ni da zan je da mace da yara ba ko takarda ɗaya. Shiru muka yi, don ba mu da amsa.

Ya rufe shago da kekunan ɗinkinsa a ciki da kayan sallar mutane da bai gama ba, ga ba wuta ba ruwan famfo, kuɗinsa na cikin Bankak, manhajar bankin da ake biyan kuɗi da ita ta waya, amma in ba sabis ko burodi ba ka iya saye, masu mota kuma sun ninka kuɗi yadda suka ga dama. Da ƙyar suka kai Wad Madani inda kowa ke cewa nan lafiya lau, a Disambar 2023 RSF suka shiga garin, suka sake ɗaukar yara zuwa wajen dangin matar, tsakiyar 2024 faɗan ya iso jihar Sennar suka kuma tashi sai Gadarif. Mutumin da da shi ke aiko wa 'yan uwa da abin sallah, yau mu ke harhaɗa masa.

Ban ce laifin gwamnati ne kaɗai ba fa. Mu ma muna da sakaci, mutum zai yi shekara ashirin a ƙasar wasu bai taɓa taka ofishin jakadanci ya rubuta sunansa ba, bai yi wa ɗansa ko ɗaya takarda ba, in ka yi magana ya ce ai Sudan gida ne. Gida ne kam, har ranar da aka tare ka a shinge aka ce fito da shaida. Amma ita ma hukuma ba ranar da harsashi ke tashi za ta fara tambayar mutum nawa gare ta ba. Tsarin mulkinmu ya ce ɗan da ɗan Najeriya ya haifa a waje ɗan ƙasa ne, to me zai hana jami'ai su riƙa fita unguwannin da mutanenmu suka yi yawa, ta hannun sarkin Hausawa da limamai, a yi wa yara rajista da kuɗi kaɗan tun ana zaman lafiya? Kuma a faɗa ƙarara tun yanzu, in an zo kwasa matar ɗan Najeriya za ta hau mota da mijinta ko ba za ta hau ba, don wannan tambayar ita ce ta zaunar da magidanta irin Baffana.

Sai kuma bayan an sauka. Gidauniyar Dangote ta ba wa waɗanda suka dawo naira dubu ɗari ɗari, Allah ya saka da alheri, ɗalibi zai yi kuɗin mota ya koma gidan ubansa. Wanda ya baro shagonsa da jarinsa kuma, da yaran da karatunsu duk da Larabci suka yi shi, dubu ɗari kwana nawa za ta yi masa?

Mutanenmu suna nan birjik a Libiya da Chadi da Afirka ta Tsakiya da Saudiyya, da yawansu da aure da 'ya'ya. Ina roƙon jaridarku ta tura wakili ya tambayi hukumar 'yan Najeriya mazauna waje (NiDCOM) da hukumar ba da agajin gaggawa (NEMA) da ma'aikatar harkokin waje ko akwai rubutaccen tsari kan iyalan da ba su da fasfo, in akwai ku buga mana shi da Hausa yadda za mu tura musu ta WhatsApp.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Fagge, Kano