Zuwa ga Awudu, daga Aboabo ta Kumasi, Ghana

Assalamu alaikum mutumina,

Ya kake, ya sanyin Jamus, ya amarya da yara? Mu dai nan Aboabo alhamdulillahi, Mma tana gaishe ka, kullum sai ta tambaye ni ko ka kira. Ka yi haƙuri na bar saƙonka kusan sati uku ba amsa, ina daji ne wajen Dunkwa kuma netwok ɗin can sai a hankali, sannan tambayar da ka yi min ba irin wadda ake amsawa da saƙon murya na minti ɗaya ba ce. Ka ce wai me nake nema a cikin laka da kifi har shekara biyu, ban tattara takarduna na nemi biza na biyo ka ba. To samu wuri ka zauna.

Ka san na koma Tech, jami'ar KNUST ta nan Kumasi, ina mastas a kimiyyar muhalli. Aikina a kan Kogin Offin yake, wanda aka tare a Barekese ake ba Kumasi ruwan famfo, ya gangara ta Dunkwa ya je ya faɗa cikin Kogin Pra. Awudu wallahi in ka ga Offin a can ƙasa yanzu ba za ka ce kogi ba ne, kamar kokon da ake damawa da asuba a bakin masallaci, kauri da kala duka. Canfan ne, injinan haƙar gwal ɗin nan, a jere a kan ruwa suna ta zuƙo ƙasan kogin dare da rana, a gefe kuma katafila ta cinye gonakin koko ta bar ramuka cike da ruwa. Muna da wani ɗan inji na auna duhun ruwa, NTU ake ce wa ma'aunin, ruwan sha bai kamata ya wuce 5 ba. A 2024 kamfanin ruwa da kansa ya fito ya ce a matatar ruwa ta Sekyere Hemang, can kan Pra, abin ya kai 14,000 alhali injinansu na 2,000 aka ƙera su.

Amma ni ba lakar ce ta hana ni barci ba, laka kowa na ganinta, in aka tsayar da aiki wata da watanni za ta kwanta ruwa ya washe. Zaiba ce matsalata. Da ita 'yan galamse, masu haƙar gwal ba bisa ƙa'ida ba, suke kama zinariya, su zuba ta cikin baƙin yashin da suka wanke su murza da hannu, ta haɗiye ƙurar gwal ta zama ɗan curi, sauran ruwan wankin kuma ya koma kogi. In ta nutse cikin laka inda ba iska, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su juya ta ta koma wani iri mafi muni da ke shiga tsoka ya zauna. Ƙwaro ya ci, ƙaramin kifi ya ci ƙwaro, babba ya ci ƙarami, a kowane hawa tana ƙara taruwa, shi ya sa kifin da ke cin 'yan uwansa ya fi mai cin ganye ɗauka. Kuma wanki ba ya fitar da ita, banda ba ta fitar da ita, ko ka soya ko ka dafa tana nan. Mace mai ciki in ta ci, tana ratsawa har wurin ɗan tayi ta taɓa ƙwaƙwalwa. Haka aka yi a Minamata ta Japan, inda aka gano cutar a 1956 bayan wata masana'anta ta daɗe tana zuba dattinta a teku masunta suna cin kifin, da sunan garin ma aka yi yarjejeniyar duniya ta 2013 a kan zaiba, Ghana tana ciki.

Aikin kansa wahala ce zalla. Kafin in taɓa ruwan kowane ƙauye sai na je na gaida odikro, wato mai garin, na yi bayani da Twi ɗina, don in ba haka ba da an gan ka da kwalabe da littafi sai a ɗauka ɗan leƙen asirin soja ne. In ɗebi ruwa in ɗiga asid kaɗan don kar zaibar ta manne a jikin kwalba, in ɗebi laka, in sayi tarwaɗa da karfasa a hannun masunta, in auna tsayi da nauyi, in yanki tsokar baya in sa a leda in rubuta lamba, duk a cikin kula mai ƙanƙara. Zuwana na farko motarmu ta mutu a hanya muka kwana, ƙanƙara ta narke, kifin sati guda ya ruɓe na zubar da hannuna, ranar ban iya cin abinci ba. Kuma dole a maimaita komai da damina da kuma lokacin hunturu don ruwa in ya ja baya lissafi yana canzawa. Yanzu samfur ɗin suna firiza a lab muna bin layin injin awo.

Abin da nake so in ba ka labari shi ne wani yaro da na haɗu da shi a wani sansanin 'yan galamse. Ya ji ina waya da Mma sai ya ce min yaya kai ɗan zango ne? Bai fi shekara sha tara ba, irin ƙannenmu ɗin nan da suke buga ƙwallo a Asawase. Ya ce in zo in ga yadda ake ƙonawa. Ya ciro zaiba a 'yar kwalbar maganin ido, ya matse curin a cikin hankici tana ɗiga kamar hawayen azurfa a kan yatsunsa, ya ɗora shi a gwangwanin sadin kan gawayi, ya durƙusa yana hurawa da bakinsa fuskarsa dab da wutar. Tururin zaiba ba shi da kala ba shi da wari, don haka shi a ganinsa ba abin da ke tashi. Taku uku daga wurin wata mata tana tuƙa banku da goyo a bayanta. Da curin ya koma ruwan ɗorawa sai ya ɗaga min yana murmushi ya ce wannan kuɗin makarantar ƙanwarsa ne da maganin babansa.

Me zan ce masa Awudu? In ce ya bari ya ci me? Na dai ce masa don Allah ya daina ƙonawa kusa da girki, ya tsaya ta inda iska ke fitowa, kar ya taɓa yi a cikin ɗaki. Ya ce ba wanda ya taɓa gaya masa haka da yaren da yake ji. Wannan maganar ita ta tsaya min a rai har yau.

Ni fa ban ce kar a kama masu katafila ba, manyan da suke zaune Accra da Kumasi suna turo injin su ne ya kamata a fara da su. Amma tun Operation Vanguard ta 2017 ake tura soja, a ƙona injin yau, wata biyu wani ya sauka. An yi zanga-zanga a Accra a 2024, sannan ga abin da ya faru ranar 6 ga Agusta 2025, jirgin da ya faɗi a Adansi da mutum takwas ciki har da ministan muhalli Murtala Mohammed, suna hanyar Obuasi wajen taro a kan wannan harkar ta haƙar ma'adinai, Allah ya jiƙansu. Duk da haka yaron nan yana can yana hura wuta. Kuma mu masu bincike muna da namu laifin, mu rubuta kundi da Turanci mai kauri, a ajiye a kanta, wanda abin ya shafa bai san an yi ba. Na gaya wa sufabaizata in sakamako ya fito zan juya shi da Hausa da Twi in kai masallatai da rediyon zango da wajen mata masu banda, ta ce ta goyi baya amma in yi hattara kar in firgita mutane su guji kifi gaba ɗaya, kuma gaskiyarta, kifi shi ne naman talaka, yawancin wanda Mma take saya a kasuwa ma na teku ne ko na Yeji, ba na Offin ba.

Ga inda ka shigo. Akwai wani abu da ake kira ritot, bututun ƙarfe ne lanƙwasasshe da ɗan kofi mai murfi, a ciki ake ƙona curin, tururin ya bi bututu ya huce ya ɗiga cikin ruwa ya koma zaiba a sake aiki da ita. Mai ƙonawa bai shaƙa ba, kuma kuɗin sayen sabuwa ya ragu, wannan na biyun shi zai sa su karɓa. Da kayan famfo ma ana haɗa shi. Kai ka yi shekara huɗu kana walda a Magazine, unguwar makanikai ta Suame, na san maigidanka na da yana nan, ka kira shi ka ce zan zo da zane ranar Asabar mu gwada guda biyu ko uku, in ya fi sai in tura maka hoton zanen ta WhatsApp tukuna ka duba kaurin ƙarfen da zai jure wuta, ka fi ni sanin wannan. Kuɗin kayan ina da shi, na rage daga na mota.

Zan koma Dunkwa bayan sallah, ina so in riƙe ko guda ɗaya ne in kai wa yaron nan, na karɓi lambarsa. Ka gaida amarya, ka shafa min kan yara, ka kuma kira Mma ko minti biyu ne ranar Juma'a.

Naka,
Isiyaka