Uwata, ga gyaran Turancin da kinka turo

Assalamu alaikum Uwata, ya karatu ya sanyi? Innarki da ƙannenki duk suna gaishe ki.

Na karanta rubutun da kinka turo min ta WhatsApp jiya bayan isha'i, har sau biyu, kin yi ƙoƙari wallahi amma hwa akwai gyara. Kalmomi kam kin tara su awa gero cikin rumbu, har da wata doguwa da sai da na ɗauko ƙamus kahin in gane ta, to ba nan matsalar take ba. Da Hausa kike tunani sannan ki sa ma ta rigar Turanci, rigar kuwa ba ta shige ta ba.

Duba inda kinka ce "borrow me your book". Ban ga laihinki ba sosai, mu kalma guda gare mu, na ari littahi, ara min littahi, duk aro na. Su Turawa sun raba, mai amsa shi ad da "borrow", mai badawa "lend", don haka "lend me your book" za ki ce. Haka nan ji, mu muna jin magana mu ji ƙamshi mu ji yunwa mu ji zahi, kunne da hanci da ciki duk kalma guda ta ishe su, shi ya sa kinka rubuta "I am hearing the smell of food", na yi dariya har innarki ta leƙo tana tambaya lahiya. "I can smell food" ya wadatar. Magani ma mu sha mukai ko da ƙwaya ta, su "take" suke cewa.

Ni kaina ban tsira ba, shekarar da na hwara koyarwa na ce ma wani baƙo "I am coming" na juya na hita abina, ina nuhin ina zuwa irin namu, bawan Allah ya bi ni da kallo don shi a wurinshi tahiya nikai ba zuwa ba.

Sai harafin s, wanga ɗan ƙaramin abu shi ka kada yara. "She goes" ake cewa ba "she go" ba. Kuma kin liƙa shi inda ba a so, "advices" da "informations", waɗanga ba a ƙirga su a Turanci, ki cire. "Did you went" ma kure na, "did" ya riga ya nuna abin ya wuce, ki bar "go" yadda yake, ba a aza ma jaki kaya biyu.

Kada ki ce na cika tsanani. A JAMB Turanci dole na ga kowa, tambaya 60 cikin 180, kuma irin ƙananan wurarenga suke ɗana tarko. WAEC ko NECO in babu kiredit a Turanci, aƙalla C6, Jami'ar Ɗanfodiyo da kike ta buri ba ta ɗaukar ki komi kyawon sauran sakamakon.

Ki riƙa yin jimla gajera, wa ya yi, mi ya yi, ki sa aya, sannan ki karanta da ƙarhi kunnenki shi ji. Ki sake rubuta wancan ki turo min kahin Juma'a, doguwar kalmar nan kuma ki hidda ta.

Kuɗɗin littahin da kinka ce zan ba yayanki in za shi wajenku ran Lahadi, da ɗan kilishi.

Allah shi yi miki albarka.
Babanki