Wasiƙa zuwa ga Habu: ƙudan tsando a cikin dutsen Amurka

Denba, Kolarado

Assalamu alaikum Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. A gaida Inna, a yi mata sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Yaya su Ummi da karatu? Na ga saƙonka na ranar Juma'a, inda kake cewa sammore ya sake shiga garken mutanenka na bakin kogi, har kun kafa sababbin tarkunan ƙudan tsando mai yaɗa shi. Allah ya tsayar haka, ya mayar musu da alheri. Ban ba ka amsa nan take ba ne don labarin da ke bakina ya fi ƙarfin saƙon waya, dole sai na zauna.

Makon jiya muka je wani wuri da ake kira Florissant, tafiyar kamar awa biyu daga nan, can cikin duwatsu yamma da garin Colorado Springs. Tudu ne sosai, ya haura mita 2,500, ga iska mai yanka kunne. Masana sun ce shekara miliyan 34 da suka wuce tafki ne a wurin. Duwatsu masu aman wuta na kusa da shi suna ta zuba toka a ruwan, duk ƙwaro ko ganyen da ya faɗa sai laka ta rufe shi a hankali. Yau wannan laka ta zama dutse falle-falle, kamar littafin da ruwa ya jiƙa ya bushe. An samu nau'in ƙwari sama da 1,500 a cikinsa.

Kusa da wurin akwai wata mahaƙa inda ake ba ka guntayen dutsen da reza, ka zauna kana ɓarewa da kanka. Na fi awa ina yi. Yawanci ba komai sai ɗigon baƙi, amma can sai wani falle ya buɗe, ga ɗan ƙwaro bai kai ƙwayar shinkafa ba, ƙafafunsa a tanƙwashe, jijiyoyin fiffikensa raɗau kamar da alƙalami aka zana. Wallahi Habu, sai da na ajiye rezar na yi shiru. Tun da Allah ya rufe shi babu idon da ya gan shi sai nawa.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Cikin ƙwarin da aka tono a wannan dutse har da ƙudan tsando. Shi dai wanda ka sani, mai tsinin baki a gaba kamar allura, wanda ya hana ka barci shekara da shekaru. Wani masani Samuel Scudder ne ya fara bayaninsa a 1892, ya ɗauka wani ƙuda ne daban. Daga baya Theodore Cockerell ya duba da kyau ya ce ai wannan tsando ne. Suna kiransa Glossina oligocena, kuma ya ɗara na yanzu girma. An sake samun irinsa a wani dutse a Enspel ta Jamus. Yau kuwa ko ka karaɗe Amurka da Turai kaf ba za ka ga tsando ko ɗaya mai rai a daji ba.

Ni a da ina ɗauka tsando namu ne tun fil azal, kamar kuka da tsamiya. Kai kuma ka fi ni sanin halinsa: ba ya son rana, ba ya nisa da inuwar kurmi, macen ba ta zuba ƙwai, tsutsa ɗaya take haifa duk bayan kwana tara ko goma. Mai irin wannan hali ba zai tsallake teku da fiffike ba. In har ya zauna a Kolarado ya zauna a Jamus, to a ganina ta ƙasa ya bi, kurmi bayan kurmi, yana biye da dabbobin da yake shan jininsu. A Florissant ɗin ma an samu ƙasusuwan wasu ƙananan dawakai masu yatsu uku, da wasu manyan dabbobi masu kama da karkanda.

Ta ina ƙasar take? Nan ne labarin wata tururuwa ya shigo. A 2011 Bruce Archibald da abokan aikinsa suka yi bayanin wata sarauniyar tururuwa da aka samo a dutsen jihar Wayomin, maƙwabciyarmu ta arewa, wadda aka adana a gidan tarihi na nan Denba. Tsawonta santimita 5, wato kamar ƙaramin yatsanka. Shekarunta kusan miliyan 50. Suka sa mata suna Titanomyrma lubei. A cikin masu rai yau, ba wadda ke kamo ta sai sarauniyar kwarkwasa ta Afirka. Ka tuna daren da kwarkwasa ta tashe mu daga ɗaki a gonar kawunka, muka kwana a tsakar gida? Danginsu ba ɗaya ba ne, amma wajen girma sun yi kunnen doki.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, 'yan'uwan wannan tururuwa na jini an riga an san su a ramin Messel, kusa da Farankfot a Jamus, har ma sun fi ta girma. Tsakanin wuraren biyu kuwa ga tekun Atilantika. Sai dai a wancan zamani tekun bai gama buɗewa ta arewa ba. Ƙasa a haɗe take daga Kanada zuwa Girinlan, daga Girinlan zuwa Turai, wata hanya ta ɓulla ta wajen Biritaniya, wata ta can sama ta wajen Nowe. A ɗaya gefen kuma Alaska na manne da Saberiya.

Matsalar ita ce duk waɗannan hanyoyi ta ƙuryar arewa suka bi, tururuwar kuwa duk inda aka same ta wuri ne mai zafi. Amsar da suka bayar ita ce, duniya ta sha yin wani irin zazzaɓi a lokacin, zafi ya tashi na wasu dubban shekaru sannan ya sauka. Mafi girmansu ya faru shekara miliyan 56 da suka wuce, inda zafin duniya ya ƙaru da digiri 5 ko fiye. Idan zafin ya zo, hanya ta buɗe wa masu son ɗumi. Idan ya tafi, ta rufe, ko da ƙasar tana nan. Kai da ke aiki da makiyaya ba sai an yi maka dogon bayani ba. Burtali yana nan rani da damina, amma ba kullum ake binsa ba, sai da ruwa da ciyawa.

Kada ka ce ƙiyasi ne kawai. A tsibirin Ellesmere na Kanada, inda yau ƙanƙara ce ko'ina kuma rana ke ɓacewa wata da watanni, an tono ƙasusuwan kada da kunkuru na wancan zamani. Kada fa, Habu.

Wani abu da ya ƙara min ganin girman masu wannan aiki shi ne, a 2023 shi Archibald ɗin da kansa ya fito da wata Titanomyrma da aka samu kusa da garin Princeton a yammacin Kanada, wurin da a wancan zamani tudu ne mai sanyi-sanyi. Dutse ya matse ta har siffarta ta karkace, don haka ana iya auna ta a ce ƙarama ce, ana iya cewa babba ce. In babba ce, to ashe ba tsananin zafi take buƙata ba, hunturu marar tsanani ya ishe ta, kuma sai a sake duba maganar farko. Bai ɓoye ba, shi ya kawo hujjar da ke ƙalubalantar maganarsa. Na so a ce haka muke yi a namu wuraren aikin.

Af, kafin na manta, ka gaya wa Alhaji mai raƙuma cewa asalin kakannin raƙumi ma a Amurka ta Arewa suke. Ta hanyar Alaska suka shiga Asiya kimanin shekara miliyan 7 da suka wuce, daga baya suka ƙare a inda suka fito. Doki ma haka. Wannan hanya ta sha nutsewa tana fitowa. Rufewarta ta ƙarshe ba ta wuce shekara 11,000 ba, kuma ruwan da ke kanta yau yawanci zurfinsa bai fi mita 50 ba.

Tun da na dawo nake ta tunanin abin da ka taɓa gaya min, cewa akwai fadamun da tsofaffi ke tsoron kai shanu saboda tsando, yau an sare kurmin an yi gonaki, ƙudan ya janye kudu. Abin da ka gani cikin shekara talatin, shi na gani a dutse. Bayan zamanin tafkin Florissant da kaɗan duniya ta yi sanyi, ƙanƙara ta fara taruwa a ƙuryar kudu, dazuzzukan ɗumi na arewa suka ja baya. A wurin har yanzu ga kututturan manyan bishiyoyi da suka zama dutse, ɗaya faɗinsa ya kusa mita 4, da guntayen zarto masu tsatsa maƙale a jikinsa, na mutanen da suka so yanka shi su tafi da shi tun ƙarni na 19.

Ina da roƙo. In kun kwashe tarko, ka ware min tsando ɗaya mai lafiyayyen fiffike, ka shimfiɗa shi a farar takarda kusa da rula, ka ɗauki hoto ta yadda alamar nan mai kama da gatari ta tsakiyar fiffike za ta fito. Ina so in ajiye shi gefen hoton na dutse in nuna wa malaminmu, wanda ya shekara yana koyar da tsando bai taɓa jin cizonsa ba. Ɗan dutsen da na ɓare kuwa na naɗe shi a auduga, na Ummi ne, zan taho mata da shi in Allah ya kai mu hutun ƙarshen shekara.

A gaida Malam da duk mutanen majalisa.

Naka,
Lawal